Shirun Malam Eli

Manasseh malamin tarihi ne. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana cin ƙurar alli a wata sakandare a Jos kafin ya samu gurbin digiri na uku a Kuala Lumpur. Ya kama ɗaki a hawa na tara a Pantai Dalam, ya koyi cin shinkafa da safe, ya kuma koyi cewa "boleh" ko da abin bai yi masa ba. Mutum ne mai sanyi, irin wanda in an taka shi, shi zai fara ba da haƙuri.

Bincikensa a kan tsaunukan kan iyaka ne, garin su mahaifiyarsa: su wa suka wakilci yankin a majalisar Kaduna tun ba a san ko Najeriya zai faɗa ko Kamaru ba, balle a yi zancen jiha. Bai faɗa wa malamarsa ba, amma ɗaya daga cikin wakilan nan kakansa ne, Malam Eli. A garin kuwa sunan ya zama abin tsokana. Duk yaron da aka aika ya dawo hannu rabbana, sai a ce ya yi zuwan Malam Eli. Da wannan gorin mahaifiyarsa Caroline ta girma, kuma har ta tsufa ba ta son a ɗauko zancen. Gaskiyar magana, wanke kakansa Manasseh ya zo yi, digirin rakiya ya yi.

Ya sayi tikitin zuwa gida a Maris na 2020, annoba ta rufe hanya. Sai ya koma ga hotunan takardun zaman majalisa da wani abokinsa ya taɓa ɗauko masa. Kullum da hantsi ya sauka ya yi tapau a shagon mamak, ya hau, ya duƙufa. Wata huɗu yana bi shafi-shafi. Sunan Malam Eli na nan a jerin mahalarta kowane zama, bai taɓa fashi ba. Amma ko tambaya ɗaya bai yi ba, ko "na goyi baya" babu. Manasseh ya rubuta haka a babi na uku, don shi ba ya yi wa takarda ƙarya, ya rufe kwamfuta, ya kwana biyu abinci ba ya masa daɗi.

Wani ɗan cocinsu ne ya ce ai direban da ke kai Malam Eli Kaduna yana raye, Malam Halliru, ya haura casa'in. Aka samo lambar 'yarsa. Da la'asar ɗin Kuala Lumpur, safiyar can, Manasseh ya kira. Gaisuwa kawai ta ci minti goma.

"Baba, na duba takardu kaf. Kakana bai taɓa magana a majalisa ba."

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Jikan Malam, a majalisa ake magana? Ka miƙe a bainar jama'a ka roƙi babba? In ya ce a'a, ai ya faɗa ke nan, ba zai janye ba."

Sai ya ba shi labari. Da sassafe yakan kai Malam Eli gidan wani minista. Ya cire takalmi, ya zauna a zaure, ya yi gaisuwa, ya tashi. Gobe ma haka. Bai taɓa cewa ga abin da ya kawo shi ba. Sai a kwana na goma sha tara mai gidan ya gaji ya ce, "Malam, wannan sintiri lafiya kuwa?" Nan ne ya ce kogin garinsu na cin mutane duk damina.

"Gadar nan da kuke bi, daga zauren nan ta fito. Sai dai kafin a gina ta ya faɗi zaɓe, wanda ya gaje shi ya sha tafi."

"To me ya hana shi faɗa, Baba?"

"Wanda aka yi wa alfarma ba ya shela, ɗana. Ni ma don duk sun mutu ne."

Da ya kai wa malamarsa, ta ce labari ne mai kyau, amma ina shaidar takarda? Babu. Aka amince ya sa shi a ƙasan shafi, da ƙananan baƙaƙe. Bai yi musu ba.

Ranar Lahadi ya kira mahaifiyarsa, ya kwashe duka ya faɗa mata, yana jiran ta yi guɗa. Ta yi shiru har ya duba ko layin ya yanke.

"Mama, kina ji na?"

"Ina ji." Muryarta ta shaƙe. "Ranar jana'izarsa fasto ya ce wani cikin 'ya'yansa ya tashi ya faɗi abin da ya yi wa jama'a. Mu shida ne, Manasseh. Ba wanda ya tashi."