Malam Tsaga Ya Ajiye Magagari

Shekara talatin da ɗaya ke nan, kafin mai shara ya gama da barandar sashen injiniya, Malam Tsaga ya riga ya jingine kekensa a gindin matakala. Zai buɗe ɗakin gwaji, ya kunna na'urar awo ya bar ta ta ɗumama, ya goge tabarau da gefen riga, sannan ya zauna gaban fallen tagulla. Aikinsa ƙera eriya ne. Ba irin mai ƙahoni da ake kafawa bisa rufi ba, a'a, wadda ake yi da shafaffen falle, a tsaga shi a tsakiya. Ta wannan tsagar saƙo ke fita, ta nan kuma yake shigowa. Daga nan ɗalibai suka laƙaba masa sunan, har matarsa ma, in tsokana ta motsa mata, da shi take kiransa.

Wanda bai sani ba sai ya ce ai yankan ƙarfe ne kawai. Amma siririyar tsaga zangon saƙo ɗaya take kamawa, sauran duk ta yi musu kunnen uwar shegu. Gwanintar Malam ita ce ya faɗaɗa ta, ya lanƙwasa bakinta, ya gusar da wayar da ke shiga cikinta da rabin milimita, har eriya guda ta riƙa jin zanguna da yawa. Ɗalibai kan kawo masa zanen da kwamfuta ta ce ya yi daidai. Sai ya duba, ya yi murmushi, ya ce kwamfuta ba ta taɓa shan ruwan sama ba, a je a yanka a gani.

Difloma kawai gare shi. Daktocin da suka bi ta ƙarƙashin hannunsa kuwa sun fi ashirin, ciki har da shugaban sashen na yanzu, wanda Malam ya koya wa riƙon dalma har ya daina ƙona yatsu.

Wata shekara, wata ma'aikaciyar jinya ta zo sashen da karyayyar eriya a cikin buhu. Asibitinta ƙarami ne, a bayan tsaunuka, kuma sau uku iska na karya musu eriyar sanda. Ta ce in mara lafiya ya rikice, sai ta bar shi ta hau tudu, tafiyar minti ashirin, kafin ta samu sabis ta kira likita. Ga shi sabis ɗin ba na kamfani ɗaya ba ne, yau wannan ya leƙo, gobe wancan. Manyan sashen suka tausaya mata, suka ce ta rubuto takarda. Malam ne ya bi ta har bakin ƙofa yana tambayar tsayin ginin, da inda tsaunin ya fuskanta, da ɓangaren da iska ke bugowa.

Sau goma sha huɗu yana yanka wa asibitin falle yana jefarwa. In ya gyara ƙaramin zango, babba ya kuɓuce. Matarsa ta ce a watannin nan har a bayan kalandar ɗakinta ta tarar da zanen tsaga, ta tambaye shi ko ita ma sabis ɗin take nema. Na goma sha biyar ya kama zangunan duka. Ya rungume fallen a motar haya, ya ƙarasa asibitin a ƙafa, ya hau tsani da shekarunsa hamsin da takwas ya ɗaure shi a jikin bango, ya haɗa da akwatin da ke raba sabis a cikin ginin. Falle ne manne da bango, iska ba ta da abin kamawa.

Bayan wata biyar, da rana tsaka, wata mai haihuwa ta ɓalle da jini. Ma'aikaciyar jinyar ta ce da a da ne, sai ta zaɓa: ko ta danne cikin matar, ko ta hau tudu. Ran nan hannunta ɗaya na kan matar, waya na jingine a kan tebur, likita na ganin komai yana faɗa mata abin yi, har motar asibiti ta iso. Matar ta rayu. Da labarin ya zo wa Malam, ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Abin da ya ce kawai shi ne, “To, a duba min ƙusoshin eriyar nan kafin damina.”

An buga binciken eriyar a mujalla da sunaye huɗu a sama. Nasa yana can ƙasa, cikin layin godiya. 'Yarsa ta fusata, ta ce sai ta je ta ga shugaban sashe. Ya hana ta, amma bai yi ƙaryar cewa abin bai sosa masa rai ba.

“Ya yi min zafi, 'yata,” in ji shi. “Amma in na tsaya jinyar zafin, wa zai yanka na gaba?”

Yanzu ido ya yi rauni, layin milimita ya fara zame masa biyu. Shi da kansa ya ce lokaci ya yi, tun kafin ya ɓata wa wani ɗalibi aiki. Makon jiya ya miƙa mabuɗin ɗakin ga matar da za ta gaje shi, tare da littattafai tara cike da awon duk eriyar da ta ƙi aiki, da dalilin ƙinta. Ya ce mata waɗanda suka yi aiki kowa ya san su, waɗannan ne za su rage mata wahala.

Malam, kai ne gwanin da aka saba gani har aka manta da gode masa. Mun yi ta kiran juna, murya na fita garau, ba mu taɓa tambayar hannun wa ya sha yankan tagulla ba. Mun makara, amma mun gode. Allah ya ƙara lafiya, ya sa ka huta cikin jikoki.

Ku kuma masu digiri, a kowane ɗakin gwaji akwai irinsa, zaune a lungu da tabo a yatsu. Ku koyi haƙurinsa, ku koyi awonsa. In kun zo rubuta sunaye, ku sa nasa a sama tun yana iya karantawa.