Ranar Da Muka Tashi Daga Gona

A gidanmu na Shango, tatsuniya ba ta farawa sai doya ta shiga garwashi. Kaka Ladi, mahaifiyar babana, ita ke zama bakin murhu tana juya ta, mu jikoki mun kewaye ta, rabin hankalinmu na kan labari, rabi na kan doyar. Ita Kirista ce, babanmu Musulmi, don haka sai ta jira mun idar da magariba. Wanda ya yi sallarsa a gurguje kuwa ba ya tsira. "Kai, kaza mai cin tsaba ya fi ka natsuwa. Koma ka sake!" A Hausar Kaka kowa "kai" ne, har ni da nake mace.

"To, ga ta nan ta iso, ku matso ku tarbe ta," haka take buɗewa.

Wadda ta fi so ita ce ta Kura da fadama. Wai Kura ce ta ce fadamar tsuntsaye tata ce, za ta kafa shinge. Kurciyoyi da safe suke ibada, zabi kuma da yamma. Sai suka raba gadi: in kurciya ta tafi ibada, zabuwa ta zauna kan hanya, in zabuwa ta tafi, kurciya ta karɓe ta. Ba cizo ba yakushi, zama kawai da kiran sunan Allah. Kura ta zo ta yi gurnani, ta koma, ta sake zuwa, har kunya ta kore ta.

Na taɓa tambaya, "Kaka, me ya hana su tsone mata ido?"

"Ka tsone ido, ka ba shi dalili ya cinye ka. Ka zauna kawai, Allah yana gani."

Ina sakandare tatsuniyar ta biyo mu har gida. Wani mai hali ya ce gonakin wajen Beji nasa ne, rukunin gidaje zai gina. A ciki har da gonar doyar Kaka, inda aka binne kakanmu a gindin ɗorawa. Maza suka fara wasa adda, Kaka ta hana. Ta tara matan zumuntar cocinsu, innarmu ta tara matan Islamiyya, suka je suka zauna gaban katafilar da ya turo ta share gonakin. Ran Juma'a Kiristoci ke tsaro, ran Lahadi Musulmi. Waɗannan na waƙa suna buga tulu, waɗancan na jan carbi. Ko tsakuwa ba wanda ya ɗaga, katafila kuwa ta tsaya har ciyawa ta fito a ƙafarta. Ban taɓa alfahari da addini kamar lokacin ba.

Sai mai halin nan ya ziyarci fasto, ya ziyarci liman. Aka sanar a coci da masallaci cewa za a yi addu'ar sulhu a cikin gari, Musulmi da Kirista wuri guda, har motoci aka turo. Kaka ta ce, "To wa zai tsaya gona?" Aka yi mata dariya, aka ce haba Mama, wane ne zai taɓa ƙasar mutane suna gaban Allah? Ita ma ta ɗaura zanenta na zumunta ta shiga mota.

Mun sha addu'a, mun sha shinkafa. Da muka dawo, babu kunyar doya ko ɗaya, babu ɗorawa, babu alamar kabari. Kaka ta yi ta zagaye jar ƙasar nan tana neman inda mijinta yake kwance, ba ta gane wurin ba.

Yau a ƙofar rukunin gidajen akwai masallaci a dama, coci a hagu, duk a filin da mutumin ya bayar kyauta. Ina wucewa ta nan, kuma har yanzu raina ɓaci yake yi. Ban daina salla ba, amma na daina ba kowa amanar tsaro don kawai yana tsaye gaban sahu.

Kaka ba ta sake ba mu tatsuniyar Kura ba. Sau ɗaya, tana juya doyar da aka sayo a Kasuwar Kure, na kasa daurewa na ce, "Kaka, ba kin ce Allah yana gani ba?"

Ba ta ɗago kai ba. "Yana gani mana. Shi bai tashi daga gona ba. Mu muka tashi."