Yatsa Biyu a Rayuwar Ustaz Shamroz Kafinta

Haihuwa da asali

An haifi marigayi Ustaz Shamroz (a ƙasar nan gwanin sana'a ake ce wa Ustaz) a shekarar 1958, lokacin yankan rake, a garin Akbarpura da ke gaɓar kogin Kabul. Mahaifinsa Misal Khan kafinta ne mai sassaƙa garma da gadajen igiya, mahaifiyarsa kuma Taj Bibi, wadda ta haifi tara, huɗu suka rayu, shi ne na biyu a cikinsu. Rana da wata babu wanda ya riƙe. Mai wannan rubutu matarsa ce, Bakht Zari, wadda karatunta ya tsaya a aji huɗu. Abin da ta gani da abin da ta ji daga bakinsa ta rubuta, kuma a shekara talatin da takwas da ta yi a gidansa ba ta taɓa ambaton sunansa ba sai a wannan takarda.

Karatu da koyon sana'a

Ya sauke Alƙur'ani a masallacin unguwarsu yana da shekara goma sha ɗaya, ya yi makarantar gwamnati zuwa aji biyar, sannan a 1972 mahaifinsa ya kai shi Pabbi wurin wani mai yin ƙofofi, inda ya shekara tara yana koyon zarto da ƙusa. A 1983, bayan 'yan gudun hijirar Afganistan sun cika yankin kuma kiwon zuma a akwati ya yaɗu, wani dattijo daga cikinsu mai suna Mirajan ya zo masa da akwati ɗaya da firam goma, wato katakan nan masu kusurwa huɗu da ake jerawa a ciki ƙudan zuma ya yi saƙarsa a kai, ya ce ya yi masa irinsu. Na farko da ya yi dattijon ya dawo da su, na biyu ma haka. A karo na uku Mirajan ya yanko sanda, ya yi mata tsaga-tsaga da wuƙa, ya miƙa masa, ya ce, "Ɗana, ƙofa in ta yi gajarta iska ce kawai za ta shiga. Ƙudan zuma ba ya yafiya. Ka bar masa rata da yawa ya cike ta da saƙa, ka matse masa ya liƙe ta da danƙo. Ga awonka, kada ka ƙara, kada ka rage."

Da wannan sanda marigayi ya yi aiki shekara ashirin. Kowane akwati da kowane firam da ya fita daga hannunsa sai ya ƙona masa alamar jinjirin wata da jan ƙarfe a gefe.

Aure da iyali

A 1985 ya auri Bakht Zari, ƙanwar abokinsa Roidad, wanda duk gidan ke ce wa Lala domin shi ne babba. Lala ne ya tsaya a kan auren, ya ce wa mahaifinsu mutumin da bai iya cutar ƙwaro ba ba zai cuci mace ba. Allah ya ba su Ni'imat a 1987, Shaista a 1989, Fazli Rabbi a 1992, Kulsum a 1994 wadda ta koma tana da wata bakwai, sai Wajid a 1997.

Matar ta shiga sana'ar daga cikin gida. Ita ce ke ɗaura waya a firam, ita ce ke narka kaki ta murza shi a injin hannu ya fito falle-falle da zanen saƙa, wanda ake liƙawa a firam domin ƙuda ya gina a kai. A wancan zamani, kamar yanzu, kayan kasuwar Tarnab ba su da tabbas. Mutum ya sayi firam ɗari daga shago ɗaya ya tarar wani ya fi wani tsawo, wani ɗanyen katako ne da zai karkace kafin wata ya mutu, fallen kakin kuma rabinsa kyandir, rana na yin zafi saƙar ta zube da 'ya'yan ƙudan a ciki. Gidan Ustaz Shamroz ya yi suna da abu biyu: awo ɗaya, da kaki marar algus. Har Karak, inda ake kai akwatuna kowace shekara lokacin furen magarya, in aka ga jinjirin wata ba a sake gwadawa.

Shekarar 2003

Daga nan ba zan ƙara cewa "matarsa" ba kamar wata ce daban. Ni ce.

Akwatinsa yakan yi shekara goma sha biyar bai lalace ba, firam kuwa kullum ana sabuntawa. Mutane sai su sayi akwati a wurinmu sau ɗaya, firam kuma su riƙa sayen mai araha a kasuwa. Ba yunwa muke ji ba, ina so a san wannan. Maƙwabta ne suka ɗora bene, na gani, na sa a raina.

Wata rana da hantsi na kai masa shayi wurin aiki, na ce, "Kai dai zauna kana yi wa mutanen Tarnab wahala. Akwati naka, ciniki nasu."

Ya ce, "To uwar Ni'imat, in bi su da guduma?"

Na ce, "Rage wa akwatin yatsa biyu, ka rage wa firam ɗin. Wanda ya sayi akwatinka ba shi da wurin zuwa sai ƙofarka."

Ya yi dariya har shayin ya zuba, ya ce, "Kakinki ba kyandir, amma shawarar nan akwai."

Bai yarda ba. Wata uku na yi ina maimaitawa, a kan shayi, a kan gurasa, a gaban yara. Ƙarshen sanyin shekarar ya yanko wata sanda da ta gaza ta farko da yatsa biyu, ya rataye ta Mirajan a bango, sabuwar kuma ya riƙa ajiye ta ƙarƙashin teburin aiki. Mirajan ya riga ya rasu.

Abin ya tafi yadda na ce. Wanda ya sayo firam a kasuwa ya ƙi shiga, ba ya zargin Ustaz, tunda kowa ya san na kasuwa babu biyu da suka yi daidai. Sai ya zagi mai shagon ya dawo wurinmu. Wanda ya cakuɗa tsofaffin kayanmu da sababbi ya ga bambanci, marigayi sai ya karɓa ya musanya masa. A 2006 muka ɗora bene. A shekarar ne kuma Lala ya sayar da saniyarsa da baƙin ɗan marakinta ya shiga kiwon zuma, ya karɓi akwati arba'in a hannun mijina, duka gajeru. Na san gajeru ne. Ni na ɗaura musu waya.

Ambaliyar 2010

A ƙarshen watan Yuli na 2010 kogin Kabul ya shigo gari. Ba zan ba da labarin ruwan ba, kowa yana da nasa. Ƙudan Lala duka suka mutu. Da ruwa ya janye ya tono akwati ashirin da biyu daga laka, ya wanke, ya shanya. Firam ɗin kuwa sun ruɓe da saƙarsu. Wurin aikin marigayi ma ruwa ya share, babu katako ko guda.

Masu zuma suna da gayyarsu. In ɗaya ya yi asara, kowa yakan ciro firam ɗaya ko biyu daga akwatunansa, da ƙwai da 'ya'ya da ƙudan da ke kai, a zuba wa mai asarar, ƙudan su yi wa kansu sabuwar sarauniya. Ba a ba da akwati, firam ake bayarwa. A kwana na biyar ga azumi waɗanda ruwan bai taɓa ba suka zo daga Mardan da Swabi a kan babura, da firam wajen sittin naɗe a jiƙaƙƙun buhuna. Aka jera akwatunan a lambun bayan gidan Lala, marigayi ma yana wurin. Ina gidan, ina taya matarsa aikin buɗa-baki, kuma ta kan katanga na ga komai.

Firam na farko ya ƙi shiga. Na biyu ya ƙi. Aka juya, aka danna, ƙuda ya tashi. Wani dattijo daga Swabi ya ce, "Ustaz, ko ruwan ne ya sa akwatin ya ƙanƙance? Mun dai san riga tana yi." Aka yi dariya, domin har lokacin ba a gane ba.

Lala ya ɗauki firam ɗaya ya duba gefensa. Tsohon aikin mijina ne, da jinjirin wata. Ya ɗora shi a bakin akwatin, inda wani jinjirin watan yake. Ya ce, "Shamroz, wannan hannunka ne?"

Ya ce, "Nawa ne, Lala."

"Wannan fa?"

"Shi ma nawa ne."

"To wanne ne ɗan halak a cikinsu?"

Marigayi ya ce, "Firam ɗin. Akwatin ni na rage shi, shekara bakwai ke nan. Da gangan."

Babu wanda ya ɗaga murya. Rana ta take, mutane da ƙishirwar azumi, 'ya'yan ƙuda kuma ba sa jure awa biyu a waje. Aka samo akwati uku masu cikakken awo a gari. Sauran aka riƙa yanka saƙar da wuƙa ana ɗaurawa da zare a kan kara, ruwan tsutsa na bin hannuwa. Kafin la'asar abin da mutane suka cire daga bakin nasu ƙudan suka kawo ya mutu a ƙasa, tururuwa na ja. Ba wanda ya tsaya shan ruwa. Abincin da muka dafa maƙwabta aka raba wa.

Da muka koma gida na ce masa bari in je in gaya wa Lala daga ina shawarar ta fito. Ya ce, "Ke kika riƙe zarton?" Na ce a'a. Ya ce, "To zauna." Na zauna. Gaskiya ita ce na ji daɗi da ya ce haka.

Shekarun ƙarshe

Dattawan masu zuma sun zauna a kansa a Shawwal na shekarar. Bai kawo uzuri ba. Ya karya gajeriyar sandar, wadda ya tono daga laka, a gabansu, ya ɗauki alkawarin gyara duk akwatin da ya rage. Ta Mirajan ruwa bai kai gare ta ba, da yake a sama take rataye.

Daga 2011 zuwa 2021 ya riƙa bin masu zuma da babur, Karak da kaka, Swat da bazara, yana ɓalle gefen akwati yana sa sabon katako, ba ya karɓar ko sisi. Wasu sun yafe, wasu sun kore shi, wasu suka laƙaba masa Ustaz Yatsa Biyu, sunan ya bi 'ya'yanmu har makaranta. Ya daina ƙona jinjirin wata a kan kayansa.

Lala bai sake kiwon zuma ba. Ya yi shekara shida yana dako a Karachi, ya dawo da ciwon baya. Akwatunansa ya faskara ya yi makamashi, ban da ɗaya da ya ajiye a ƙofar gida kaza na ƙwai a ciki, inda duk mai wucewa zai gani. Sau uku marigayi ya je neman ya gyara shi, sau uku aka ce Lala ba ya nan. Ni kuwa ina zuwa gidan da Sallah, yana amsa gaisuwata, yana tambayar yara, ban taɓa buɗe baki ba.

Rasuwa

Ciwon ƙirji ya kama shi a 2022, likita ya ce ƙurar katako ce. Ya rasu a gida ranar Talata bayan azahar, cikin watan Oktoba na 2023, magarya na fure, yana da shekara sittin da biyar. An yi masa wanka da ganyen magarya, aka sallace shi bayan la'asar, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Masu zuma da yawa sun baro akwatunansu a Karak sun zo. Lala ya tsaya a sahun ƙarshe, bai shigo gida ba.

Bayan na fita takaba na je na same shi a zaune bakin ƙofa, kusa da akwatin. Na ce, "Lala, ba shi ba ne. Ni na ce ya rage."

Ya daɗe yana kallon kazar. Sannan ya ce, "Na sani, Zari. Tun ranar na sani. Shamroz ina ya ga wayon yin wannan? Ni na goya ki, na san kanki." Na tambaye shi me ya sa ya yi shekara goma sha uku ba ya gai da marigayi. Ya ce, "Da na zauna da shi sai mun yi maganar, in mun yi maganar sai sunanki ya fito. Shi ya rufe ki daga can, ni na rufe ki daga nan. Abokina na rasa a kanki. Tashi ki shiga ciki, rana na dukanki."

Washegari ya aiko da akwatin a wanke.

Marigayi ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu: Ni'imat, direba a Peshawar; Shaista, tana aure a Pabbi; Fazli Rabbi, wanda ya gaji wurin aikin da sandar Mirajan; da Wajid, yana kiwon zuma; sai jikoki goma sha ɗaya. Fazli Rabbi ya ce zai gyara akwatin, na hana. Yana ɗakina yadda yake. Duk jikan da ya tambaya wa ya rage shi, ni ke ba shi amsa. Allah ya jiƙan Ustaz Shamroz, ya yalwata masa kabarinsa.