Injiniya Maccido da Wutar Sola

Maccido bai taɓa rabuwa da wata sana'a lafiya ba. Ya noma albasa a fadamar Rima, ta ruɓe a rumbu yana jiran ta yi tsada. Ya gwada kamun kifi a dam ɗin Goronyo, kwalekwalen aro ya kife da shi a ruwan da bai kai ƙugu ba. Abu ɗaya da ya yi a rayuwarsa ya ci riba shi ne auren Kulu, ƙanwar maigari.

Don haka da wani kamfani ya kawo wutar sola ƙauyensu da ke gefen Boyekai, aka jera farantai a filin bayan makaranta, aka gina ɗakin batura, aka ce ana son mai share farantan da kula da makunnai, ba wanda ya yi mamakin jin sunan Maccido a bakin maigari.

Injiniyar kamfanin, Surayya, ta zaunar da shi ta yi masa bayani. Wannan wuta daga rana take, ba ta da wani wurin zuwa. Da tsakar rana takan yi yawa har ta yi saura, lokacin ne ya dace injin niƙa da walda da famfunan ban-ruwa su yi aiki. In rana ta yi sanyi batura ke karɓa, su kuwa fitila da fanka da cajin waya kawai suke iya ɗauka. In hadari ya rufe sama, a rage kaya. In kuma aka yi wa wutar nauyi, akwai babban makunni da zai faɗi da kansa, faɗuwar tasa ce ke hana na'ura ƙonewa.

"Ka gane, Baba?" in ji ta.

"Ɗiyata, tun ba ki buɗe baki ba nig gane."

Abin da ya gane shi ne makullin ɗakin yana aljihunsa, kuma kowace unguwa da makunninta. Ba a jima ba ya sayo hular kwano rawaya a kasuwar Goronyo, ya daina amsawa in ba a ce masa Injiniya ba. Sharar farantai kuwa ya bar wa iska, tattabaru suka mai da su makewayi.

Mu'azu mai injin niƙa ne ya fara ɗanɗanawa. Laifinsa ya yi dariya ranar da Maccido ya shigo masallaci da hular kwanon, ta hana goshinsa taɓa ƙasa. Washegari da hantsi wutar unguwar Mu'azu ta ɗauke. Rana na ƙwalla, batura sun cika fal, mata sun jera ƙoren hatsi suna jira, amma Injiniya ya ce lodi ya yi yawa. Sai bayan la'asar, da Mu'azu ya je ya durƙusa ya gaishe shi yadda yake so, ya maido. Injin ya tashi daidai lokacin da kowane gida ke kunna fitila. Babban makunni ya faɗi, gari duka ya yi sallar magariba a duhu.

"Kun gani?" in ji Maccido a majalisa. "Mi nic ce muku? Mu'azu na ka shanye muku wuta."

A gida Kulu ta aje masa tuwo ta ce, "Malam, wai kai ka hiddo rana, ko ita ka hiddo ka?"

Ya ce a ransa mata ba su san fasaha ba.

Haka aka tafi har damina, aka haifa masa jika na fari. Maccido ya rantse sunan nan sai an ba da labarinsa har Rabah. Ya aro firiza biyu don zoɓo da ƙunun aya, ya ɗauko manyan lasifikoki daga Wurno, ya jera fankoki a rumfa. Ranar kuwa tun safe sama ta yi baƙi ƙirin, rana ko leƙowa ba ta yi ba.

Ana cikin hidima makunni ya faɗi. Maccido ya ruga ya tada shi. Ya sake faɗuwa. Baƙin Rabah suka fara kallon juna suna gyaran murya. Ya koma ɗakin yana huci, ya karyo reshen darbejiya, ya feƙe shi da wuƙa, ya tokare makunnin.

"Yau ko kana so ko ba ka so, tsaye za ka kwana."

Ya dawo rumfa yana taku ɗai-ɗai. Maroƙi ya kama lasifika: "Injiniya angon Kulu! Mai rana cikin aljihu!" Bai kai ƙarshen kirarin ba aka ji wani tas daga bayan makaranta, sai warin roba, sai hayaƙi. Baƙi suka sha zoɓo mai ɗumi suka watse.

Sauran daminar a duhu aka yi ta. Mata suka koma turmi. Allurar rigakafin da ke firjin ɗakin shan magani sai Goronyo aka kai ta a kan babur, masu jego suka riƙa bin ta can cikin taɓo.

Da Surayya ta zo, ta tarar da iccen yana nan inda ya tokare shi.

"Baba, mi yak kawo wanga nan?"

"Tsawa ta, ɗiyata. Aradu tsawa ta."

"Tsawar ce ta feƙe shi da wuƙa?"

Maigari, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya duƙufa gyaran rawaninsa.

Kamfanin ya gyara, ya kuma sa wa kowane gida mita mai yanke wa wanda ya wuce ƙima shi kaɗai. Aka canza kwaɗon ɗakin. Korar surukin maigari ba ta yiwu ba, sai aka miƙa masa bokiti da tsumma.

Yanzu duk baƙon da ya tsaya kallon farantan, Maccido kan gaya masa shi ya gwada tsohuwar na'urar ya gano rauninta, ba don shi ba da ba a kawo mitocin ba. Bana ya ce zai tsaya takarar kansila. Mu'azu ya ce shi zai fara jefa masa ƙuri'a, don ya ji a Goronyo kansiloli ke wuni.