Abin da Na Ji a Taksi, Na Faɗa a Rediyo

A lokacin da wannan abu ya faru, ni direban taksi ne a Yamai, ɗan shekara arba'in da 'yan kai, ina zaune da iyalina a gidan haya a unguwar Bukoki. Daga Tawa na zo ina saurayi, ban daɗe a gari ba na kamu da son wata ekip ta ƙwallo, son da matata take kira ciwo. Ranar da muke wasa ba na ɗaukar fasinja bayan azahar, ina sitad, wato filin wasa, tun kafin a buɗe ƙofa. Ranakun horo kuwa nakan bi ta unguwannin Talaje da Yantala in kwashi 'yan wasa uku ko huɗu in kai su fili kyauta. Tonton suke ce mini, wato kawu, kuma sun saba da ni har suna hirarsu a cikin motar kamar babu kowa a gaban sitiyari.

Sai dai ni bakina ba ya zama. Kowace Litinin da safe akwai shirin wasanni a wata rediyo, ana buga waya a faɗi ra'ayi da Hausa ko Zabarmanci, kuma har masu shayin bakin titi sun san muryata. Ban taɓa raga wa kowa ba. Na ce mai tsaron ragarmu yana kama ƙwallo kamar an shafa wa hannunsa man gyaɗa. Na ce ɗan gabanmu gudu kawai ya iya, in ya iso bakin raga sai ya aika ƙwallo ta gaida tsuntsaye. Wanda na fi sa wa ido shi ne mai horaswa, mutum mai taurin kai wanda dabararsa ɗaya ce, a ɗaga ƙwallo sama, a bi ta da gudu, a yi addu'a. Mutum ɗaya ne ban taɓa suka ba, kapiten ɗinmu mai wasan tsakiya, saurayi ɗan Talaje da ke riƙe da mahaifiyarsa. A shekarar nan wata ekip ta ƙasar waje ta yi alkawarin turo mutane su ga wasansa a babban karon da za mu yi ranar Asabar.

Wata rana bayan horo kapiten ya shiga gaban motata ya kasa lanƙwasa ƙafa. Na ji yana gaya wa abokinsa cewa gwiwarsa ta hagu ta yi mako uku a kumbure, mai horaswa ya sani, amma ya ce a ɗaure ta a yi shiru sai an wuce Asabar, don babu wanda zai maye gurbinsa. Raina ya ɓaci, na haɗiye na ci gaba da tuƙi. Litinin ta zo, ina cikin sukar mai horaswa a rediyo sai wani ya bugo ya ce ni surutu kawai na iya, in ina da hujja in kawo. Nan fushi ya kwashe ni. Na ce ga hujja, ana sa mutum wasa da rauni, na faɗi ko wane ne, na faɗi ƙafar, har na faɗi tsawon makonnin. Na kashe waya ina jin daɗi wai na rufe bakin mutum.

Ban tuna cewa abokan karawarmu ma suna da kunne ba. Ranar Asabar, ba a yi minti goma da fara wasa ba, mai tsaron bayansu ya bar ƙwallo ya nufi gwiwar hagun kapiten. Can kuma ya sake. Ina tsaye ina ihu a fitar da kapiten har muryata ta dishe, mai horaswa ya naɗe hannu ko kallon benci bai yi ba. A karo na uku kapiten ya faɗi bai tashi ba. A asibiti aka ce jijiya ta tsinke, baƙin da suka zo dominsa kuwa suka kama hanyarsu.

Washegari mai horaswa ya gaya wa 'yan jarida cewa wani magoyin baya marar riƙon baki ne ya sayar da sirrin ekip. Shugabannin magoya baya suka hana ni zama cikinsu, a fadarmu, inda muke taruwa hira, kofin shayi ya dinga tsallake ni, 'yan wasa suka daina hawa motata. Duk wannan bai dame ni kamar zuwana Talaje ba. Na durƙusa gaban kapiten da mahaifiyarsa, ita ba ta ko ɗaga kai ba. Shi ya kira ni Tonton kamar kullum, ya ce ya yafe, amma ya ɗauka motata kamar ɗakin uwarsa take, inda mutum zai yi kuka ba a ji a waje ba. Na fito ina hawaye a gaban mutane, ban ji kunya ba.

Laifina na ɗauka, kuma zan mutu ina nadamarsa. Amma ba zan ɗauki na wani ba. Ba ni na ɗaure gwiwar ba, ba ni na sa shi a fili ba, ba ni na bar shi a ciki bayan duka biyu ba. An ce in koma rediyo in ba mai horaswa haƙuri sai a mayar da ni cikin jama'a. Na ƙi, kuma ko gobe aka tambaye ni zan ce bai cancanci riƙe ekip ba.

Ga 'yan'uwana direbobi, teloli da masu aski, mu da mutane ke sakin baki a gabanmu, ku ji daga gare ni. Abin da ya shiga kunnenku a wurin sana'a amana ce, ko da kuna da gaskiya, ko da an tsokane ku. Ni ina da gaskiya ranar nan, na ci gardamar, kuma wanda nake karewa shi ya biya. Yanzu yana ɗingishi a kasuwa yana sayar da takalma, bai kai shekara talatin ba.