Burauzar Fuseina da Ɗakin Iddrisu Tela

Jama'a, yau kwamfuta ta kunyata ni da tsufana!

'Yata Fuseina, mai koyarwa a Kalpohin, ta zo ta saka mini sabuwar burauza, wato manhajar shiga intanet. Ta ce wannan a buɗe take, kowa zai iya duba yadda aka gina ta, ba mai ɓoye ɗan leƙen asiri a ciki.

Na ce, "To, yanzu ba mai ganin abin da nake karantawa?"

Ta yi dariya. "Baba, burauzar ɗan haya ne mai ƙofa mai kyau. Amma tsarin kwamfutar na kamfani ne, a rufe yake. Shi ne mai gida. In yana da makulli, ba ka sani ba."

Wallahi sai na ga kaina a maganarta! Ni ne wannan mai gidan. Shekara da shekaru ina riƙe da makullin ɗakin Iddrisu tela, ɗan hayana a Kaladan. In ya tafi shago sai in leƙa, wai ina duba gidana.

Nan take na hau babur. Na same shi a kan keken ɗinki. Na miƙa masa makullin. Na ce, "Ɗana, na ci amanarka. Ka yafe mini."

Bai ko daina ɗinki ba! Ya ce, "Alhaji, ai tuni na sani, na yafe. Amma yanzu wa zai riƙa kashe mini fanka in na manta?"