Tuwon Maryama Bahabashiya

A Yasore na tashi, tun kafin zuwan Turawa. Da an gama cin tuwon dare, kakarmu Iya Dije takan tura karan dawa cikin murhu, mu kewaye ta, tana kaɗi tana ba mu tatsuniya. Muryarta a dusashe take, amma in ta kwaikwayi kura sai ƙanena sun ɓuya a bayana.

Wani dare na kaka, ina ɓare gyaɗa, na tambaye ta me ya sa duk shekara take ware damin gero ɗaya ta ce na Nomau ne, alhali babu mai wannan suna a gidanmu. Ta ajiye mazarinta.

"Yau ba tatsuniya," in ji ta. "Wannan da idona na gani."

Nomau ɗanta ne na fari, yayan babanmu. Yana da shekara bakwai ta aike shi korar tsuntsaye a gona, mahara suka fito daga daji a kan dawakai suka ɗauke shi. Ko takalminsa ba a samu ba. Iya ta daina cin abinci, ta daina magana. Duk wanda ya shigo sai ya ce ta yi haƙuri, har ta tsani jin kalmar.

A maƙwabta akwai wata baiwa, Maryama, wadda wani alhaji ya zo da ita daga hanyar gabas. Bahabashiya ce, kuma an san addinin Almasihu take bi a ɓoye, don haka mata ba sa sakewa da ita. Ran kwana na shida da ɗauke Nomau ta shigo da ƙwaryar tuwo. Ba ta ce a yi haƙuri ba. Ta zauna a ƙasa ta yi ta kuka, har Iya ta ɗago ta dube ta.

"Ke kuma me aka yi miki?"

"Ni ma haka aka ɗauke ni, Dije. Uwata tana can tana yin irin zaman nan naki."

Iya ta ce mata Allah ya juya musu baya su duka. Maryama ta girgiza kai. Da Hausarta mai karyewa ta ce a wurinsu Allah Uba ne, kuma Shi kansa ƙauna ne. Ba ya barci, ba inda dawakai za su kai yaro da babu Shi a can. Ta ce ya ga an kama Ɗansa an kashe, saboda haka babu hawayen uwa da bai san zafinsa ba.

"Na ce mata, subhanallahi, Allah bai haifa ba," in ji Iya. "Ba ta yi mini gardama ba. Cewa ta yi, to ki ci dai. Jikokina, maganarta ban karɓa ba har yau. Amma na karɓi tuwon."

Nomau bai dawo ba. Iya da Maryama suka yi shekara goma sha wani abu suna niƙa a dutse ɗaya, kowa da addininta. Da Maryama ta rasu, mata suka ja baya. Iya ita kaɗai ta wanke ta, ta naɗe ta a zanenta na aure, aka kai ta bayan gari.

Daren nan ba wanda ya nemi wata tatsuniya.

Na girma, na haifi tara, na binne huɗu. Duk lokacin da na zauna zaman makoki sai in gane abin da Iya ta ji. Mai ciwo ba ya neman a kayar da shi a magana, wanda zai zauna kusa da shi yake nema. Ni Musulma ce kamar kakata, ina kiran Allah mai rahama mai jin ƙai. Amma na sha tunanin yadda baiwa marar kowa ta riƙe cewa Allah yana kuka tare da ita, har ta sami ƙarfin tayar da wata.

Da tsufa ya fara kama ni, na kai mijina asibitin kutare. Mai wanke masa ciwo Bahaushe ne Kirista, mai sanyin hannu. Na ba shi labarin duka. Ya ce zai sa Maryama a addu'a, ya tambaye ni sunanta na gida.

Sai a lokacin na tuna abin da Iya ta taɓa faɗa: alhaji ne ya raɗa mata Maryama a hanya. Sunan da uwarta ta sa mata, babu wanda ya taɓa tambayar ta a Yasore, har Iya.

Na ce, "Malam, ban sani ba."

Ya ci gaba da naɗa ƙyallen a ƙafar mijina. Can ya ce, "Ba komai, Baba. Wanda zan faɗa wa ya sani."

Na fita waje na zauna a gindin katanga, na yi wa matar da ban taɓa gani ba kuka.